Mai Riƙe da Makullin Ƙofar Gwamna

A gidan gwamnati, kwamishina na iya shafe awa uku a ɗakin jira, fayil a cinya, shayi ya huce a gabansa, alhali Maigirma Gwamna na ciki. Wanda zai ce masa shigo, ko a dawo gobe, shi ne Shugaban Ma'aikatan Gidan Gwamnati. Masu fada sun san irin wannan aiki tun da daɗewa: a gidan Sarkin Kano, ba a isa gaban sarki sai da iso, kuma Sallama na cikin masu yin sa.

Abin mamaki, kundin tsarin mulki na 1999 bai ambaci kujerar da suna ba. Sashe na 208 ya kawo Sakataren Gwamnatin Jiha da Shugaban Ma'aikatan Jiha, shi kuwa wannan yana cikin hadiman gwamna na kansa. Kwamishina sai majalisar dokoki ta tantance shi. Shi sanarwa guda ta wadatar. Ranar da gwamna ya sauka, shi ma ya tattara nasa ya nasa.

Ƙarfinsa na aro ne, amma aro mai nauyi. Shi ke tsara wunin gwamna, shi ke tace takardun da za su hau teburinsa, shi ke bin sawun umarni har ya ga an aiwatar. 'Yan siyasar da suka yi wa jam'iyya wahala, in suka ga ƙofa a rufe, ba gwamna suke zagi ba, shi suke zagi. Sau da yawa ma don haka aka ajiye shi.

Wanda ya iya zama a kujerar, takan zame masa tsani. Babatunde Fashola ya riƙe ta wa Bola Tinubu a Legas, ya gaje shi a 2007. Nyesom Wike ya yi wa Rotimi Amaechi a Ribas, daga baya suka raba gari, Wike ya zama gwamna a 2015. Gboyega Oyetola ya gaji maigidansa Rauf Aregbesola a Osun a 2018, su ma ba a wanye lafiya ba. A Katsina, Dikko Umaru Raɗɗa ya fara da ita a gwamnatin Aminu Bello Masari a 2015, shekara takwas bayan nan ya dawo gidan a matsayin mai gida. A Kaduna kuwa, Hadiza Bala Usman daga ita ta tafi shugabancin hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa a 2016.

Santsinta kuma ba ya ba da sanarwa. A taron zuba jari na Kaduna a 2021, Muhammad Sani Abdullahi, wanda aka fi sani da Dattijo, mai riƙe da kujerar a lokacin, ya gabatar da Muhammadu Sanusi II da cewa tsohon Sarkin Kano. Da Sanusi ya karɓi makirufo, sai ya kira shi tsohon shugaban ma'aikata, aka yi dariya. Makonni kaɗan bayan haka Gwamna Nasir El-Rufai ya yi garambawul, ya mayar da Dattijo ma'aikatar kasafi da tsare-tsare. Ko da alaƙa ko babu, mutanen gari sun riga sun ƙulla zaren da kansu.

A Kano ma, a Disambar 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf bai tsaya sauke Shehu Wada Sagagi daga kujerar kawai ba, ofishin ɗungurungum ya soke, sannan ya miƙa sunan Sagagi ga majalisa a matsayin kwamishina.