Harsashin Baranda a Maiduguri: Ruwa Ne Abin Tsoro, Ba Sanyi Ba

A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Kanada, magina kan zurfafa harsashin baranda har ya wuce inda ƙasa ke daskarewa. A Maiduguri kuwa, hunturu ba ya daskarar da ƙasa. Ruwa ne mai ɓarna, kamar yadda mazauna Gwange da Fori suka shaida lokacin ambaliyar madatsar Alau a Satumban 2024. Yashi na zaizayewa, laka na kumbura da damina, ta tsage da rani. Baranda mai gajeren harsashi ita ke fara rabuwa da bango. Ma'aikacin da ke aika kuɗin gini daga Abuja ya kamata ya tabbatar ginshiƙanta sun kai zurfin harsashin gidan, daɓenta kuma ya ɗara tsakar gida tudu.