Muturu Na Ƙarewa, Mu Kuwa Muna Ciniki

 Duk wanda ya ɗoro shanu daga Paga zuwa Ankara ya ratsa ta Pong-Tamale, kaɗan kafin a kai Savelugu, amma ba kowa ya san abin da ake tsaro a gonar gwamnati da ke can ba. Garken muturu ne, wato ƙananan shanun ƙasar nan marasa tozo masu gajeren ƙaho, waɗanda in aka shigo da su kara a Tulaku ta Ashaiman sai ka ga an kawar da kai.

Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona ce ke riƙe da wannan gona. Aikin bincike kuwa akwai Cibiyar Binciken Dabbobi da ke ƙarƙashin hukumar CSIR, hedkwatarta na nan Frafraha kusa da Adenta, tafiyar mota ce kaɗan daga Nima ko Mamobi. Aikinta ya yi kama da na cibiyar Shika ta Zariya, ga waɗanda suka san Nijeriya. Malamanta suna auna dabba, su ɗebi jininta, su rubuta nauyinta da yawan nononta da irin cutar da take jurewa, don a san kowane iri da amfaninsa kafin ya ɓace.

To, me ya sa ake wahala a kan saniyar da ba kasafai take wuce kilo 200 ba? Dalilin shi ne sammore. Kowa a cikinmu ya san abin da ƙudan tsando ke yi wa Bunaji ko Bokolo idan suka daɗe a kurmi: dabba ta rame, gashi ya tashi, ta daina kiwo, ƙarshenta a yanka da gaggawa a sayar da asara. Muturu kuwa ƙudan zai cije ta, cutar ta shiga jininta, amma ta ci gaba da kiwo har ta haihu. Kirci ma da kaska ba sa kayar da ita kamar yadda suke kayar da shanun arewa. Haka Indama take, wadda asalinta Futa Jalon ne a ƙasar Gini. Wannan juriya a jini take, ba a sayen ta a kantin magani. Allurar sammore kuwa, wadda wasu ke yi wa dabba barkatai ba tare da likita ba, a wurare da dama ta rage ci.

Abin da ke cinye muturu ba annoba ba ce. Bushiya da ta addabi kakanninmu an sanar da kawar da ita daga duniya a shekarar 2011. Barbara ce ke cinye ta. Manomi a wajen Wa ko Tumu ya ga kuɗin da muke biya a kan babban sa mai tozo, sai ya sa wa shanunsa bijimin Fulani. 'Ya'yan farko su ne Sanga, kuma Sanga saniya ce ta ƙwarai, ga jiki ga juriya. Amma idan aka ci gaba da zuba jinin tozo, jika da tattaɓa-kunne sai su tashi da girman uba babu taurin uwa. Kuma ba a samun Sanga sai da tsantsar muturu a gindi. Hannunmu na cikin wannan, domin farashin da muke yankewa a kara shi ne ke gaya wa makiyayi abin da zai ajiye.

Ba Gana kaɗai ke wannan damuwa ba. A Bobo-Dioulasso akwai cibiyar CIRDES mai binciken sammore da shanun da ke jure shi, kuma a shekarar 2007 ƙasashen duniya sun amince da wani shiri na kare irin dabbobin gida a taron Interlaken na ƙasar Suwizalan.

Babban sa na layya ko na fawa, wannan ba mai hana mu kawo shi, shi ne abincinmu. Amma idan mai saye ya ce kiwo zai yi a filayen Ankara ko wajen Kumasi, a gaya masa gaskiya, a nuna masa Sanga ko muturu ko da la'adar ta ragu. Wanda kuma ya gamu da karsana muturu tsantsa a kasuwannin arewa, kada ya yi saurin miƙa ta ga mahauci, ya fara cigiyar mai kiwo tukuna.