Mun Iya Duba Sa, Mu Koyi Duba Takardar Jininmu

Jama'a, mu 'yan kara an san mu da ido. Mu dubi tozon sa, mu shafa haƙarƙarinsa, nan take mu faɗi kuɗinsa. Amma da yawanmu a nan Fau, in likita ya miƙo takardar awon jini, sai mu ninke mu jefa aljihu, shi ke nan. Alhali sukari da kitsen jini ba sa nunawa a fuska. Mutum na nan ƙato, ana cewa ya samu duniya, sai a ji ɓarin jiki ya shanye.

To, ga yadda ake karanta lambobin, a ma'aunin da ake rubuta mg/dL.

Da farko sukari. Da safe ake aunawa, bayan awa 8 ba a ci komai ba, ko shayi. In lambar ba ta kai 100 ba, alhamdu lillahi. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, ciwon yana bakin ƙofa. In ta kai 126 ko fiye har sau 2, ciwon sukari ne, bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar a 1999. Akwai kuma awon HbA1c, mai tona asirin wata 3 da suka wuce, ba a yi masa wayo da yunwar kwana ɗaya. In ya kai 6.5, magana ta tabbata.

Sai kitsen jini, wato kolestarol. Jimlarsa ana so ta gaza 200, in ta kai 240 ta yi yawa. A duba layi biyu. LDL shi ne mugun, shi ke toshe jijiyoyi kamar yadda laka ke toshe magudanan gonakin Rahad. HDL shi ne mai yashe hanya, ba a so na namiji ya gaza 40.

Ina gyaran yake? A bakin mai shayi. Kowane ciniki da kofinsa, kowane kofi cokali 3. Kofi 6 a wuni, cokali 18 ke nan, alhali shawarar hukumar nan ta 2015 ba ta wuce kimanin cokali 12 ba. Mu rage tozo, shayya da man shanu, mu riƙe wake, ganye, tuwon dawa da man riɗin Gadarif. Iyayenmu a ƙafa suke koro shanu, mu kuwa daga mota sai inuwa. A taka ƙasa minti 30, kwana 5 a mako.

Mun dai ga yadda magani ya yi wuya bayan ɓarkewar yaƙi a 2023, musamman lokacin da hanyar Wad Madani ta toshe. Saboda haka wanda ke bakin ƙofa ya juya tun da wuri. Wanda kuma aka ɗora kan magani, kada ya daina sai da izinin likita.

A ciro takardar nan daga aljihu yau. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, amin.