Feshin Gurza: Hanyar Kankare Tsatsa Daga Kayan Babur a Fagge da Sabon Garin Kano

Gabatarwa

Tun kafin babur ya shigo ƙasar Hausa, Bahaushiya ta san cewa idan tasa ta dushe, toka da rairayi ake sa mata a dirje ta har ta yi ƙyalli. Wannan takarda za ta yi bayani ne a kan wata hanya ta zamani wadda asalinta ɗaya da waccan dirza, sai dai a maimakon tafin hannu, iska mai ƙarfi ce take jifan ƙarfe da ƙananan ƙwayoyi har tsatsa da tsohon fenti su zube. A nan za a riƙa kiran aikin da sunan feshin gurza, su kuwa ƙwayoyin da ake fesawa a kira su tsaba. Wani Ba'amurke mai suna Benjamin Tilghman shi ne ya yi rajistar wannan dabara a shekarar 1870, kuma da yashi ya fara, abin da ya zama mafarin wata annoba da za a zo kanta a gaba.

Babur a Fagge da Sabon Gari

Fagge tsohon zango ne na fatake da Buzaye a wajen ganuwar Kano. Shi kuwa Sabon Gari an kafa shi ne wajen 1913, bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Da yake duk biyun mazaunin baƙi ne da kasuwanci, ba abin mamaki ba ne da dillancin babura da sayar da kayan gyaransu da kanikanci suka samu gindin zama a cikinsu. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a farkon 1975 sun sa malamin makaranta da akawu sun hau Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa, har kamfanin Honda ya kafa masana'antarsa a Ota a 1979. Tsadar da ta biyo bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ita ta raya sana'ar acaɓa, daga baya Jincheng ta Sin da Bajaj ta Indiya suka cika gari. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana goyo a kan babur a cikin birnin, sai babura da yawa suka koma ƙauyuka, waɗansu kuma aka jingine su a zaure. Da farashin sabo ya yi tashin gwauron zabi bayan faɗuwar darajar naira a 2023, sai tayar da tsoho ya zama abin lissafi, ba sha'awa kaɗai ba. To, duk wanda ya janyo babur daga inda ya shekara goma a jingine, abin da zai fara yi masa maraba shi ne tsatsa.

Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da iska da laima. Illarta ita ce ba ta manne wa ƙarfe, tana kumbura ne ta ɓare, ruwa ya sami hanyar shiga ƙarƙashi. Saboda haka wanda ya shafa fenti a kan tsatsa ya lulluɓe ciwo ne kawai, kafin damina biyu fentin zai yi ƙuraje ya tashi. Abin da makanikai da masu fenti suka saba shi ne samfefa da burushin waya, amma waɗannan ba sa kaiwa ga lungunan walda, da tsakanin haƙarƙarin silinda, da cikin ramukan da tsatsa ta haƙa. Tsabar feshi kuwa duk inda iska ta shiga, nan take shiga. Bugu da ƙari tana barin fuskar ƙarfe da ɗan kaushi, wanda shi ne fenti yake kamawa.

Kayan Aiki

A manyan masana'antu wata ƙafa ce mai juyawa da sauri take watsa ƙwayoyin ƙarfe ba tare da iska ba. Wannan ya fi ƙarfin mai ƙaramin gareji. Abin da zai iya kafawa ya ƙunshi injin iska, da bindigar feshi, da akwati.

Injin iska shi ne uwa uba, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa suke yin asara. Sukan dubi agogon matsi kawai, alhali yawan iskar da injin yake bayarwa a minti shi ne abin dubawa. A ma'aunin da masu faci suke amfani da shi, tayar babur takan ɗauki wajen fam 30. Kankare baƙin ƙarfe yana son fam 80 zuwa 100, kuma bindigar tana shan lita ɗaruruwa a kowane minti ba tsayawa. Ƙaramin inji mai tankin lita 25 zai kai wannan matsi, amma cikin daƙiƙu kaɗan sai ya sare, mai aiki ya zauna jiran ya sake cika. Lalle ne a nemi mai ƙarfin doki 3 ko fiye, da tanki na lita 100 zuwa sama. Irin wannan inji yana jan wuta sosai a lokacin tashi, ƙaramin janareta irin na shago ba zai tayar da shi ba, shi ya sa a gari mai ƙarancin lantarki wanda ke aiki da man fetur, irin na masu faci, ya fi zama abin dogara. Har ila yau iskar da aka matse tana zubar da ruwa. In ba a sa matarar ruwa a tsakanin tanki da bindiga ba, kuma ba a tsiyaye tankin kullum ba, tsaba za ta dunƙule ta toshe tiyo, musamman daga Yuni zuwa Satumba.

Bindigar da ta fi sauƙin samu tana aiki ne kamar tsohon famfon feshin maganin sauro, watau iska tana wucewa da gudu ta bakin wani ƙaramin bututu, sai ta zuƙo tsaba daga ƙasa ta tafi da ita. Bakin bindigar yana cinyewa, rami ya faɗaɗa, shan iska ya ƙaru, don haka na tangaran ya fi na ƙarfe ƙarko. Akwati kuwa mai walda yana iya haɗa shi da durom ko fallen ƙarfe. Ana yi masa tagar gilashi a sama, da ramuka biyu waɗanda aka ɗaure wa dogayen safar hannu na roba, da fitila a ciki, da raga ta ɗora kaya. Gindinsa ya zama kamar mazurari domin tsaba ta taru a sake amfani da ita. Dole kuma a yi masa mafitar iska wadda ta bi ta injin zuƙar ƙura mai matata. Akwatin da ba shi da wannan, cikin minti ɗaya mai aiki ba zai ga abin da yake hannunsa ba, ƙurar kuma za ta fita ta kowace kafa.

Zaɓen Tsaba

Ba kowace tsaba ce ta dace da kowane ƙarfe ba. Mulmulallun ƙwayoyin ƙarfe dukan fuska suke yi su daddale ta, masu tsini kuwa yanka suke yi, su ne suka dace da firam da jiniya da sauran baƙin ƙarfe mai kauri. Amma kan silinda da murfin inji da cibiyar ƙafa na alminiyum ne, kuma idan aka fesa musu ƙwayar ƙarfe sai ɓurɓushinta ya nutse a ciki, bayan 'yan makonni a ga jan ɗigo ya fito a kan abin da asalinsa ba ya yin jar tsatsa. Alminiyum ƙwayar gilashi yake so, a matsin fam 40 zuwa 60. Kafireta kuwa, saboda ƙananan hanyoyin mai da ke cikinta, garin soda ya fi mata, don yana narkewa a ruwa idan an zo wanki. A ƙasashen waje har dakakken ɓawon gyaɗar Turawa ake amfani da shi ga abin da ba a son a ƙarce.

Kafin a sa komai a akwati sai an kwance shi ɗai-ɗai, an wanke giris da baƙin mai da kananzir, don tsaba ba ta cire maiƙo, ƙara tura shi take yi. A cire boris da robobi. A toshe mazaunin boris, da zaren noti, da cikin silinda, da fuskar da gasket yake zama, da duk wata hanyar mai. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne, domin cokali ɗaya na ƙwayar gilashi da ya maƙale a hanyar mai ya isa ya cinye fistin da boris na injin da aka kashe wa kuɗi. Lambar inji da ta firam ma a rufe su da tef mai kauri. Babur ɗin da lambarsa ta shafe, mai shi zai sha bayani a gaban 'yan sanda, ko da takardunsa suna aljihu, tun da goge lamba aikin ɓarayin babura ne. Tanki da madigadi fallensu siriri ne, in aka tsayar da bindiga wuri ɗaya sai su lanƙwashe. Tankin da bai rabu da warin fetur ba kuwa ba ya shiga akwati sam, saboda tartsatsi.

Ƙarfen da ya fito daga feshi tsirara yake. Da damina kafin a wuni yana iya yin ja, ko gumin yatsa ma yana barin alama. Ƙa'ida ita ce a hure shi da busasshiyar iska, a shafa masa fentin share fage a ranar. Lokacin hunturu ya fi sauƙi ta wannan fuska, sai dai ƙurarsa tana sauka a kan ɗanyen fenti.

Haɗarin Yashi

Duk tsabar da aka ambata saye ake yi, mafi yawanta kuma daga waje take zuwa. Yashi kuwa ga shi nan tifa-tifa daga kogin Calawa, a ƙofar duk gidan da ake gini. Idan an tankaɗe shi aka shanya, yana kankare tsatsa sarai. Wannan arha ita ce tarkon. Yashin kogi mafi yawansa sinadarin silika ne, idan ya bugi ƙarfe sai ya farfashe ya zama ƙura wadda ido ba ya gani. Ita wannan ƙura tana wuce hanci da maƙogwaro ta sauka a can ƙarshen huhu, jiki ya kasa fitar da ita, sai ya yi ta yi mata tabo har huhun ya sandare. Cutar ba ta da magani, kuma tana ci gaba ko bayan mutum ya bar aikin. Ga mai shaƙar ƙura kaɗan takan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ta bayyana, ga mai feshi ba kariya kuwa tana iya kama shi cikin 'yan shekaru, wani lokaci ma watanni.

Ƙasashen da suka riga mu sun biya kuɗin wannan ilmi da rayuka. Ingila ta yi dokar hana feshi da yashi a masana'antu tun 1949. A ƙasar Turkiyya samari ne suka yi ta mutuwa a ƙananan shaguna inda ake fesa wa wandon jins yashi don ya yi kamar ya koɗe, har gwamnati ta haramta aikin a 2009. Yanayin waɗancan shaguna, watau ƙunci da rashin iska da yara masu neman na abinci, bai bambanta da na garejin lungu ba. Rawani ko ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci, da takunkumin asibiti, duk ba sa tare wannan ƙura. Ga abin da bai shiga akwati ba, kamar firam, ana bukatar hular da take rufe kai duka, wadda ake turo wa tsabtatacciyar iska daga waje. Wanda ba shi da ita gara ya koma ga samfefa.

Akwai kuma haɗari na biyu, wanda ko an guje wa yashi yana nan. Tsohon fenti, musamman ja da rawaya da na share fage, sau da yawa yana ɗauke da dalma, feshi kuma yana mai da shi gari. Arewa ta ga abin da ƙurar dalma take yi a 2010, lokacin da yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Gidajen Fagge a cushe suke, na Sabon Gari kuwa da yawansu na haya ne, iyali da dama suna tarayya a tsakar gida ɗaya, a nan ake girki, a nan ake shanya, a nan yara suke rarrafe. Saboda haka batun kafa wannan aiki a gida, kamar yadda Bature yake yi a garejin motarsa da ke gefe guda, bai dace da zaure ko tsakar gida irin namu ba. Wurin da ya kamata shi ne shago ko fili mai nisa da ɗakin kwana da masu sayar da abinci, mafitar ƙura ta fuskanci inda ba mutane. Ba a share ƙasan wurin da busasshiyar tsintsiya, sai an yayyafa ruwa. Tsabar da ta gama aiki a ƙulle ta a buhu, kada a zuba ta a kwata, don kwatocin unguwannin biyu Jakara suke gangarawa, da ruwanta kuma ake noman lambu a bayan gari. Rigar aiki a bar ta a wurin aiki.

Yaran shago su ne suka fi zama cikin haɗari, domin bisa al'adar koyon sana'a duk aiki mai ƙura da dauɗa su ake bar wa. Wanda ya taɓa yin feshi da yashi, ya ga tari ya ƙi ƙarewa ko numfashi yana yanke masa a kan ɗan aiki, ya kamata ya je a ɗauki hoton ƙirjinsa, a Asibitin Zana ko Asibitin Malam Aminu Kano, ya kuma gaya wa likita irin aikin da ya yi. Dalili shi ne alamomin cutar suna kama da na tarin fuka, ita kanta kuma tana ninka yiwuwar kamuwa da shi, ta yadda mutum zai iya shan maganin tarin fuka na wata 6 ya warke daga ƙwayar cutar, amma numfashin bai dawo ba.