GParted: yadda aka yi wa manhajar raba faifan kwamfuta fuska

Mai gyaran kwamfuta da ke son ɗora Linux kusa da Windows a na'ura ɗaya, sai ya fara rage wa Windows wuri a faifan ajiya. Ɗaya daga cikin tsoffin kayan wannan aiki shi ne GNU Parted, wanda Andrew Clausen da Lennert Buytenhek suka rubuta. Ba hoto, ba abin dannawa, baƙin allo ne kawai da ake rubuta umarni da lambobi. Kuma da an ba shi umarni yake zartarwa nan take. Wanda ya zaɓi sdb a maimakon sdc, faifan da bai nufa ba zai ɓata.

A shekarar 2004 Bart Hakvoort ya fitar da GParted, wadda aka rubuta da harshen C++. Tana zana faifan kamar doguwar sanda mai launi-launi, kowane kaso da girmansa, mutum ya ja iyakarsa da linzamin kwamfuta. Daga baya Curtis Gedak ya karɓi ragamar kula da ita, kuma sai a 2019 ta kai siga ta 1.0.

Zanen shi ne mafi sauƙin aikin. Wuyar tana ƙarƙashinsa. GParted tana dogara da libparted, wato injin da ke cikin Parted, don karanta iyakokin kaso da sauya su. To amma iyaka daban, tsarin da aka jera fayiloli a cikinta daban, kuma tun siga ta 3.0 a 2011 Parted ya ajiye mafi yawan ayyukan da suka shafi wannan tsari. Saboda haka GParted takan kira wasu ƙananan manhajoji: resize2fs don ext4, ntfsresize don NTFS ɗin Windows, da sauransu. Idan ɗaya ba ta cikin na'urar, zaɓin da ya shafe ta sai ya dushe, ba ya dannuwa.

Jerin matakan shi ne inda kuskure ke cinye dukiyar mutane. In za a rage kaso, ana fara matse tsarin fayiloli, sannan a matso da iyaka. In za a ƙara, iyaka ake fara faɗaɗawa. Kamar rage ɗaki ne: ana janye kaya tukuna, kafin a gina sabon bango. Mai rubuta umarni da hannu yana iya juya jerin, ko ya yi kuskuren lissafi. Manhajar ita ke riƙe jerin da lissafin, har takan binciki lafiyar kason kafin ta taɓa shi.

Dabarar da ta fi kowace amfani kuwa ita ce jinkiri. Duk abin da aka danna, GParted ba ta aikata shi nan take; takan jera shi a ƙasan allo, mutum ya duba, ya soke abin da bai gamsu da shi ba. Sai ya danna alamar zartarwa, ta sake gargaɗinsa, sannan aiki ya fara. Kason da kwamfuta ke aiki da shi a lokacin kuma tana sa masa alamar kulle, ta hana yawancin sauye-sauye. Shi ya sa aka yi GParted Live, wadda ake tayar da kwamfuta da ita daga filashi.

Akwai abin da fuskar ba ta iya magancewa. Matsar da farkon kaso yana nufin kwashe duk bayanan da ke ciki zuwa sabon wuri, aikin da kan ɗauki sa'o'i a babban faifai. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, abin da ba baƙo ba ne a Yamai ko N'Djamena, bayanan na iya lalacewa. Don haka masu manhajar da kansu ke cewa a kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifan kafin a fara.