Daɓen Ɗakin Inna a Tirmini

Da wuya ka sami gidan ƙasa a Damagaram da daminar 2024 ba ta bar wa tabo ba. A farkon watan Satumba tsohon masallacin Birni na Zinder, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19, ya zube ƙasa, hotonsa ya yi ta yawo a wayoyin mutane. Mu a Tirmini namu bai kai nan ba, Allah Ya taƙaita. Ruwa ne ya kutso ta ƙofar ɗakin Inna ya kwana biyu a ciki, da ya janye sai daɓen ya kumbura, ya tsattsage kamar ƙasan tafki a bazara. Ƙafar gado ɗaya ta nutse, aka tokare ta da dutse.

Tirmini na bakin kwaltar da ta fito daga Zinder ta nufi Maraɗi da Yamai, kafin a kai Takeita inda hanyar Kano ke rabewa ta bi ta Matamaye. Mutanen nesa sun san sunan garin ne saboda yaƙin ƙarshen watan Yuli na 1899, lokacin da sojojin Faransa suka kara da rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga, daga nan suka wuce suka shiga Birni. A wancan zamani ba wanda ya san siminti a nan. Ɗakin da ake son a girmama daɓe ake yi masa, zaure da masallaci kuwa a zuba musu rairayi mai laushi. Yau manyan motoci ɗauke da siminti suna wucewa ta gaban garin dare da rana, kuma duk yaron da ya je bida ya dawo da ƴan kuɗi, abin da ya fara zuwa ransa shi ne ya cire wa uwarsa ƙasa daga ɗaki.

Ni ma da wannan niyya na sauka bayan an gama kaka. Na tara ƴan kuɗi, ƙanena da ke Agadas ya turo nasa, na riga na leƙa shagunan kayan gini a Zinder na ga wani karo fari mai sheƙi, wanda mutanen Najeriya ke kira tayil. A raina har na shimfiɗa shi na ɗauki hoto na tura wa dangi.

Maginin da aka kira mini tsoho ne, sa'an mahaifina. Da ya zo bai ko dubi daɓen ba. Ya zagaya bayan ɗakin, ya ɗaga kai ya dubi indararo, ya tsuguna ya ƙwaƙuli gindin bango da farce, ƙasar ta zubo kamar gari. Ya ɗanɗana ta a harshe ya tofar.

"Ɗana, nawa ka zo da su?"

Na faɗa masa.

"To raba su biyu. Rabi na sama ne da bayan ɗaki. Abin da ya rage shi za mu yi maganar daɓe da shi."

Na ce, "Baba, ai daɓen ne ya lalace."

Ya ce, "Daɓe bai yi laifi ba. Titi ya tashi, tsakar gida ta tashi, ɗaki yana nan inda kakanka ya bar shi. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu."

Gaskiyarsa. Tsohon gida a kowace shekara ƙara nutsewa yake a idon mai kallo, domin shara da rairayin da iska ke kawowa da ƙasar yaɓen da ruwa ke wankowa suna ta taruwa a waje. Wanda zai shiga ɗakin Inna sai ya sauka kamar taki guda. Indararon kwano ya karye tun bara, ruwan rufi yana sauka daidai gindin bango. Duk abin da aka shimfiɗa a ciki, ko na zinariya ne, damina mai zuwa za ta same shi. Saboda haka kafin a sayi komai aka gyara indararo, aka ɗaga dokin ƙofa, aka yi wa tsakar gida gangare zuwa rariya, aka ciko cikin ɗakin da amalanke huɗu na jar ƙasa. Rabin kuɗin ya tafi a aikin da ba mai zuwa ya gani ya yaba.

Sai aka zo kan zaɓi. A Tirmini, kamar sauran garuruwan yankin, abu huɗu ne a gaban mai gyara: leda, siminti, karo, ko daɓen gargajiya.

Leda ita ce ta fi araha, ita ce kuma ta fi saurin burge ido. Ana auno ta da mita a kasuwa, a naɗe a ɗaura a bayan babur, kafin la'asar ɗaki ya zama na amarya. Amma leda sutura ce kawai, tana buƙatar daɓe mai kyau a ƙarƙashinta. In aka shimfiɗa ta a kan ƙasa mai laima an yi kitso da ƙwarƙwata: damshi ba ya samun mafita, wari ya tashi, gara ta samu inuwa ta yi ta gini ba mai ganinta. Duk inda ƙasan ke da tudu da kwari, nan ƙafar gado da gindin tukunya za su huda ta. Ga Inna ba ta rabuwa da kaskon wuta a lokacin sanyi, garwashi ɗaya ya isa ya yi mata tabo na har abada.

Siminti shi ne burin kowa, kuma ba laifi, in an yi shi yadda ya kamata. Maginin ya yi mini lissafi a ƙasa da tsinke. Ɗaki mai mita 3 da mita 4, in ana son kaurin santimita 5, zai ci buhu 4 na kilo 50, kowane buhu da baro 2 zuwa 3 na rairayi mai tsabta. A nan ne masu neman sauƙi ke cutar kansu: su ce a yi da buhu 2, a ƙara rairayi, a rage kauri. Wata shida ba a yi ba sai ka ji yana ƙara kamar ganga in an taka, tsintsiya kuma tana kwaso shi. Sannan siminti mashayin ruwa ne. Sai an yi mako guda ana ba shi ruwa safe da yamma, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28. A yankin da ke zaune kan dutse, inda ƙarancin ruwa tsohon zance ne har a cikin birnin Zinder, kowace jarka kuɗi ce ko gumin ƴan mata, amma ba kowa ke sa ta a lissafi ba.

Farashinsa kuma ba a hannunmu yake ba. Wani daga masana'antar Malbaza ta jihar Tawa yake zuwa, tafiya mai nisa, wani kuma daga Najeriya. Da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, da kuma takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023, duk mai gini a nan ya ji a jikinsa. A watan Oktoba na 2024 gwamnatinmu ta rage farashin siminti saboda ɓarnar ambaliya, mutane suka ɗan numfasa, sai dai kuɗin mota daga Zinder zuwa ƙofar gida yana nan a kan mai saye.

Babban abin da tsohon ya ja kunnena a kai shi ne zaman siminti da bangon ƙasa. Daɓen ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani. In aka rufe shi ruf da siminti, laimar da ke ƙasa ba ta ɓacewa, hanya take nema, kuma hanyar da ta rage mata ita ce bango. Tana hawa da gishirinta, ta ci gindin ginin a hankali. Ya ce ya ga ɗakuna da yawa da daɓen simintinsu ke nan garau, bangon kuwa ya kwanta a kansa. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Karon da na ƙwallafa rai a kansa shi ya fi kowanne tsada, domin sai an yi simintin tukuna kafin a ɗora shi, a biya mai sawa dabam, a kuma sayi fiye da awon ɗaki saboda yanka da fashewa. Ƙasa sabuwar cikowa tana ci gaba da zama, in ta motsa kaɗan karon ya tsage, kuma ba lallai ka sake samun irinsa a shago ba. Duk da haka ban saduda ba sai da na kai maganar gaban Inna.

Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Tana tsince wake a faifai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Kai wannan, irin na asibiti za ka sa mini?"

Na ce, "Inna, ya fi sauƙin shara, ga tsabta."

"Na taka shi a gidan gwaggonka a Zinder. Na yi alwala na shigo, da ba a riƙe ni ba da yanzu ana jinyar ƙugu. Da sanyi kuma kamar ka taka ƙanƙara. Ni a bar ni da abin da ƙafata ta sani."

Abin da ƙafarta ta sani shi ne daɓen da aka yi mata da za a kawo ta gidan, wanda ya yi shekaru fiye da nawa kafin ruwa ya ci shi. Sai dai daɓen gargajiya da ake cewa ba ya cin kuɗi, a da ne. Kayansa dai suna nan: tsakuwa ba ta wuya a wannan yanki, bagaruwa tana kasuwa tunda da ita majema ke jimar fatun da aka san Zinder da su, makuba kuwa, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, sai an sa a kawo daga kudu. Abin da ya yi tsada shi ne hannu. Daɓe aikin gayya ne na mata. A da in za a yi wa amarya, unguwa ce ke fitowa, a dama fura, a raba goro, a yi ta waƙa ana dukan ƙasa. Yanzu madaɓan ma sai da aka bi gida-gida aka samo guda shida, ɗaya an mai da shi abin tokare ƙofar akurki.

Inna ce ta yi gayyar da kanta. Da daddare aka baza tsakuwar da aka tankaɗe a kan jar ƙasa, aka yayyafa ruwa, ta kwana tana tsumuwa. Da hantsi tsofaffi biyar suka ɗaure ɗamara suka jeru, kowace da madaɓinta, itace mai faffaɗan ciki da mariƙi a lanƙwashe. Da farko dukan ya watse, kowa da nata. Sai wata ta ɗauko waƙa, sauran suka amsa, nan take madaɓai suka koma faɗuwa tare, tim, tim, har ana ji a ƙirji daga zaure. Suna tafiya gaba suna dawowa da baya, mai ƙwarya tana bin su da yayyafi. Tsakuwa ta yi ta nutsewa, laka tana tasowa tana rufe ta. Ƴan matan da suka zo kallo suna dariya, ba a jima ba biyu suka karɓi madaɓi, domin tsofaffin sun fara dafa ƙugu. Ɗaya ta bugi yatsanta, aka yi mata tsiya, ta ci gaba.

Ba a rana ɗaya ake gamawa ba. Washegari da ya ɗan sha iska ƙananan tsaga suka bayyana, aka sake bi da madaɓi aka rufe su. Haka har kwana uku, sannan aka shafe shi da ruwan bagaruwa da makuba da aka jiƙa, aka bari ya bushe, aka ƙara. Ya fito ja mai duhu, yana ɗan ƙyalli, in ka ƙwanƙwasa kamar tukunyar da ta gasu. Abin da na kashe a kansa, har da goro da sabulu da ɗan abin da aka ba kowace tsohuwa, bai kai kuɗin katon biyu na karon nan ba.

Sauran kuɗin bai koma aljihu ba. Zaure, inda ake ajiye babur kuma bangonsa na bulo ne, shi aka yi wa siminti buhu 4 cur, ba a rage ko cokali ba. Makewayi kuma, inda ruwa ke zuba kullum, na koma Zinder na sayo fasassun karo da ake sayarwa a buhu da araha, aka jera su da gangare zuwa rariya. Launinsu bakwai, babu biyu masu kama da juna, amma ba sa santsi kamar babban karo saboda yawan layin siminti a tsakaninsu.

Ranar da zan koma, maginin ya ce in tuna daɓen ƙasa kamar dabba yake, yana son kulawa: kada a ja ƙarfe a kansa, a sa ƴan katakai a ƙarƙashin ƙafafun gado, duk shekara bayan damina a sake shafa masa bagaruwa, a kuma riƙa duba indararo tun kafin hadarin farko. Na shiga yi wa Inna sallama na tarar ta naɗe tabarma ta jingine a bango, tana zaune a kan daɓen kai tsaye, ƙafafu a miƙe, carbi a hannu. Ta ce in gaya wa ƙanena ya daina turo hotunan ɗakunan Agadas. Sannan ta nuna mini madaɓai shida da ta sa aka wanke aka rataye a rumbu, ta ce akwai bikin ƴar maƙwabta bayan salla, kuma uwar yarinyar ta riga ta aiko a ajiye mata su.