Rinin da Ba a Yi a Karofi

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Mata ya san warin karofi, inda marina suke tsoma zane a ruwan baba da toka tun wajen 1498. Nan kusa kuma ga Asibitin Murtala. Cikin masu jinya akwai waɗanda maganarsu ta tsaya sai an yi wani rini na daban, wanda ake yi wa naman mutum.

Wannan sana'ar ma'aikacin ɗakin gwajin nama ce, irin waɗanda za ka tarar a Asibitin Malam Aminu Kano. Kafin ya kai nan sai ya yi shekara 5 a jami'a, kamar Bayero, ya ƙara shekarar sanin makamar aiki, sannan ya karɓi lasisi.

A ce dattijo ne ya zo, idanu sun yi ɗorawa, fitsari kamar shayi, ga ƙaiƙayi. A gida an ce shawara ce, an sha jiƙo har an gaji. Likita ya yi zargin sankarar bututun matsarmama, ya ciro ɗan nama daga wajen hanta, wani lokaci bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ma'aikacin zai jiƙa shi a fomalin don kada ya ruɓe, ya bi da shi ta sifirit har ruwan jikinsa ya tsane, ya wanke da zailin, sannan ya binne shi a narkakken kaki. In kakin ya daskare sai a kai shi injin yanka. A nan ake gane gwani. Fallen da ake so bai wuce kashi 4 cikin 1,000 na milimita ba. Hannu ya ɗan yi rawa, ya yage ko ya naɗe.

Daga nan sai rini. Launi biyu ne, hematoksilin mai shuɗi da iyosin mai ruwan hoda. Na farkon daga itace ake samo shi, wata bishiya ta ƙasar Meziko, abin da na tabbata zai yi wa marinan Ƙofar Mata daɗin ji. Shuɗin ya kama cibiyar ƙwayar halitta, hodar ta kama kewayenta, likitan da ke duba gilashin ya ga ko ƙwayoyin sun ƙetare iyaka.

Abin da ke ingiza su ƙetarewar, rini ba ya nuna shi. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin saƙonni a cikin ƙwaya da ake kira maikuro-RNA, masu haruffa kamar 22. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka bankaɗo su a 1993, aka ba su kyautar Nobel a 2024. A wannan sankara, miR-21 takan yawaita ta danne PTEN, wanda shi ne birkin ƙwaya. Dangin miR-200 kuma sukan ragu, sai ƙwayar ta saki 'yan'uwanta ta kama yawo zuwa ƙululun jiki da hanta. Saboda ƙanƙantarsu, maikuro-RNA sukan jure zama cikin kaki shekaru, don haka masu bincike suke neman tsofaffin curin kakin da aka adana.

Wahalar fa? Kusan duk kayan aikin daga waje ake shigo da su, dala ta motsa kuɗin gwaji ya motsa, kuma daga aljihun dangi yake fita. Fomalin yana sa hawaye, shi kansa yana cikin sinadaran da ke jawo sankara. Wuta ta ɗauke, kaki ya sandare a tsakiyar aiki. Albashi na gwamnati ne, shi ya sa ƙwararru da dama suka nufi Saudiyya da Ingila.

Marini yakan ga zanensa a jikin amarya. Shi kuwa ma'aikacin, mai naman ma bai san fuskarsa ba. In an gama, ya rubuta lamba a curin kakin, ya jera shi a durowa kusa da na jiya.